RAN DA RUMBUN KWAMFUTA YA MUTU, MAKULLIN OFFICE YANA HANNUN WA?

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai sana'ar gyaran kwamfuta ya gabatar a zaman wata-wata da aka yi a Fadan Kagoma. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.)



Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon tsira, ina neman afuwar manya da na tsaya a gabansu, domin ni ba malami ba ne, ba kuma gwanin magana ba. Sana'ata gyaran kwamfuta da buga wa mutane takardu. Shugaba ne ya ce lalle in tashi in yi wa jama'a bayanin abin da ya sami kwamfutar ofishin ƙungiya, saboda maganar ta zaga gari, ta je ta dawo da ƙari. Da kunnena na ji a wajen mai shayi ana cewa wai da gangan aka goge lissafin ƙungiya, aka fake da cewa inji ya lalace. To, ni aka kira ran da abin ya faru, ni na kwance injin nan da hannuna, saboda haka abin da na gani shi zan faɗa. Kuma tun da yawancinku ko dai kuna da kwamfuta a shago, ko kun saya wa yaro ɗan makaranta, abin da ya same mu yana iya samun kowa.

Bari in fara da rumbu. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda mu masu gyara muke ce wa had-dis. Allah gafarta Malam, ba hadisi na ce ba. Shi ne rumbun kwamfuta: wasiƙu, hotuna, lissafi, da su kansu manhajojin da ake aiki da su, duk a cikinsa suke kwana. Irin na da, wanda ke cikin tamu, faifai ne mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya, ga wata 'yar allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi, ratar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Abu irin wannan kuwa ba ya son girgiza, ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ba ya son janareta mai hawa da sauka, ba ya son ƙurar hunturu ta toshe fanka inji ya ɗau zafi. Waɗannan kuwa duk ba baƙinmu ba ne a nan. Sabon irin da ake ce wa es-es-di ba shi da abin juyawa, ya fi jure wa bayan babur, amma shi ma yana mutuwa, kuma shi sau da yawa ko sallama ba ya yi. Na da yakan yi gargaɗi, ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas. Namu ya yi makonni yana wannan ƙara, Malam Sakatare ya ɗauka fanka ce. Ban ga laifinsa ba, ba sana'arsa ba ce. Shekarar rumbun nan takwas yana aiki. Rannan da safe aka kunna, ya ce ya gama, alhali saura kwana goma sha biyu taron shekara.

Sauya rumbu ba wani abu ba ne. Na hau mota na je Kafanchan na sayo sabo, kafin la'asar na ɗaura. Na ɗora Windows, da na haɗa ta da intanet sai ta tabbatar da kanta, ba ta tambaye ni ko harafi ɗaya ba. Shugaba yana tsaye, ya ce, "Madalla, ashe abin da sauƙi." Na ce masa, ranka ya daɗe, da saura.

Ga dalili. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta sukan binne makullin Windows a cikin babban allon injin, ba a cikin rumbu ba. Daga Windows 10 kuma, wadda ta fito a 2015, kamfanin Microsoft yakan riƙe shaidar injin a wajensa, in ya sake ganinsa ya gane shi. Saboda haka ko rumbu goma ka sauya, muddin allon nan yana nan, Windows za ta dawo. Amma Office, watau Word da muke buga wasiƙa da ita da Excel da muke lissafi, ita dabam ce. Kaya dabam, ciniki dabam, makulli dabam. Mutane da yawa sukan zo mini da lambobin da ke jikin sitikar ƙasan kwamfuta, irin ta zamanin Windows 7, su ce ga makulli. Wannan na Windows ne, Office ba ta san shi ba. Makullin zaure ba ya buɗe ɗakin amarya.

Shi makullin nan haruffa ne da lambobi guda 25, an raba su gida biyar, kowane gida biyar-biyar. Tun daga Office XP a 2001 rubuta su kawai bai wadatar ba, sai kamfani ya tabbatar cewa makullin na gaske ne kuma ba a wuce adadin injinan da aka yarje masa ba. In ba a tabbatar ba, bayan ɗan wa'adi, misali kwana 30 a Office 2010, sai ta sa maka takunkumi: kana iya buɗe takarda ka karanta, amma ba ka iya gyara ta, ba ka iya fara sabuwa.

Tamu Office 2016 ce, kuma ta gaskiya ce, wannan ina so kowa ya ji. A 2017 ƙungiya ta fitar da kuɗi aka saye ta, rasit yana nan, katin makulli ma Malam Sakatare ya ciro shi daga cikin aljihun tebur a cikin ambulan. Sai dai damina takwas ta bi ta kansa, rubutun ya koɗe. Kwana biyu muka yi muna gardama a kan haruffa uku: B ne ko 8, G ne ko 6, Y ne ko V. Bari in ba ku wata dabara a nan kyauta. A makullan nan ba a sa A, E, I, O, U, ba a sa L, S, Z, ba sifiri, ba 1, ba 5. Harafin N ma a tsofaffin makullai babu shi, sai daga zamanin Windows 8 da Office 2013 ya shigo. To in ka ga abu zagayayye kamar O, ka san Q ne ko D. In ka ga kamar S ko 5, ka sake dubawa, watakila 6 ne ko 8. Da haka, da madubin ƙara girma na wani dattijo mai gyaran agogo, muka tsinto haruffan nan 25 cif.

Na rubuta su a shafin kamfani ina murna. Sai shafin ya ce an riga an yi amfani da wannan makulli, a shiga da asusun da aka ɗaure shi da shi.

To jama'a, nan ne gizo ke saƙar, kuma saboda wannan na tsaya a gabanku. Daga Office 2013 zuwa yau, katin da ake ba ka a shago kamar katin waya yake. Ka kankare, ka loda, shi ke nan ya gama aikinsa. Kuɗin ba ya cikin katin, yana cikin layin da aka loda wa. Haka lasisin Office: ran da aka fara ɗora ta, akan tambayi adireshin imel, watau asusun Microsoft, a ɗaure lasisin da shi. Daga ranar, asusun nan shi ne makulli na ainihi. In rumbu ya mutu, shiga asusun za ka yi da kalmar sirri, ka tarar da Office ɗinka tana jiranka, ka sake sauko da ita. Mai asusu shi ne mai kaya, ko da kuwa ba shi ya biya kuɗin ba.

Na juya na tambayi Malam Sakatare, da wane imel aka ɗora? Ya ce shi bai san an yi wani imel ba. Na tambayi Ma'aji, ya ce shi dai ya biya kuɗi ya karɓi rasit. Muka bi sawu, ashe yaron shagon da aka sayi injin ne, da ya ga ana tambayar imel, ga kwastoma yana sauri zai kama mota, sai ya sa nasa. Ba da mugunta ya yi ba, haka da yawanmu muke yi don a sallami mutum. Shagon ya daɗe da rufewa. Da ƙyar muka samo yaron ta waya, yanzu magidanci ne a Abuja. Ya yi kirki, ya tuna imel ɗin, amma kalmar sirri ta ɓace masa. Aka ce za a aiko masa da lambar shaida ta layin wayar da ya sa a asusun. Layin nan kuwa ya daɗe da zubar da shi, tun lokacin da aka shiga hidimar haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020. Kun san layin da aka daɗe ba a amfani da shi akan sake sayar wa wani. Watau a yanzu haka, lambar da za ta buɗe kayan ƙungiyarmu tana iya faɗawa wayar wani bawan Allah a Legas ko Fatakwal wanda bai taɓa jin sunan Kagoma ba. Ya cika takardar neman dawo da asusu, tambayoyin da aka yi masa na shekarun da suka wuce ne, bai iya amsawa ba. Nan maganar ta tsaya. Mun biya, muna da rasit, muna da kati, ba mu da Office.

In za a raba laifi, kowa zai sami kasonsa, har da ni, domin na sha zuwa ofishin nan ina share wa injin ƙura, ban taɓa tambaya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙa'idar kamfanin kanta tana bayanmu. Sa'ad da Office 2013 ta fito a watan Janairun 2013, sharaɗin farko shi ne lasisi ya mutu tare da injin da aka fara ɗora shi. Masu saye a Amurka da Turai suka yi ca, a watan Maris na shekarar kamfanin ya janye. Ya ce mai lasisi yana iya mayar da shi kan wani injin nasa sau ɗaya a kwana 90, in kuwa lalacewar inji ce ta jawo, ba sai ya jira kwana 90 ɗin ba. Kun ga ke nan mutuwar rumbu ba ta kashe lasisi. Ko injin ne gaba ɗaya ya ƙone, haƙƙinka yana nan. Abin da ke kashe shi, a rasa ƙofar shiga.

Wani matashi ya ce mini, "Yaya, ai akwai 'yar manhajar da ke tono makulli daga tsohon rumbu." Gaskiyarsa, amma rabi. Office 2007 da 2010 sukan ajiye makullinsu gaba ɗaya a cikin rumbu, in rumbun bai gama mutuwa ba ana iya haɗa shi da wani inji a tono. Daga 2013 kuwa haruffa biyar na ƙarshe kaɗai ake iya gani, da wani ɗan umarni mai suna ospp.vbs. Amfaninsu ɗaya: in kana da kati uku ko huɗu, su nuna maka wanne ne na wane inji. Masu shagon buga takardu, ku riƙe wannan. Amma haruffa biyar ba sa buɗe komai.

Yanzu bari in taɓo inda zai yi wa wasu zafi. Mu dai mun saya. Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'armu kuwa, 'yan tokumbo da ake kawowa daga kasuwannin Ikeja ko Kano ko Abuja, sukan zo da Office a ciki, mai saye ya ɗauka tare da ita ya saya. Ba haka ba ne. Wata daga wani kamfani ko wata makaranta ta Turai ta fito, lasisin nasu ne na taron jama'a. Irin wannan lasisi yana da wani tsari da ake ce wa KMS: kowane inji sai ya riƙa komawa ga uwar na'urar ma'aikatar yana sabunta izini, izinin kuwa na kwana 180 ne. Inji ya baro Jamus ya zo Kafanchan, ina zai ga uwar tasa? Shi ya sa za ka ga wata shida da saye, jan rubutu ya fito a sama. Wata kuma ba ta da lasisin kowa, kirak aka yi mata, watau an sa wata ɓarauniyar manhaja tana kwaikwayon muryar uwar na'urar nan tana yaudarar Office. Duk mai irin waɗannan, ran da rumbu ya mutu ba shi da makullin da zai nema, domin dama bai taɓa mallakarsa ba. Haka su makullan arha da ake tallarsu a intanet a kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba: galibi makullin taron jama'a ne ake yankawa ana sayar wa mutum ɗari. Zai yi aiki yau, ran da aka ƙure adadinsa ko kamfani ya gane ya toshe, ka zo sake ɗorawa ya ce bai san ka ba, mai sayarwa kuma ya sauya suna.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban malamai ba, ni kaina na yi shekaru ina ɗora wa mutane kirak. Kowa yana yi, kwastoma kuma ba ya son jin farashin ta gaskiya. Abin da ya fara sa ni ja da baya ba wa'azi ba ne, tsoro ne. Kafin ka ɗora kirak, abu na farko da ake ce maka shi ne ka kashe mai gadin injin, watau manhajar kama ƙwayoyin cuta. Wane baƙon arziki ne zai ce sai ka ɗaure karenka kafin ya shigo? Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da abin satar kalmar sirri. A shagona kuwa mutane suna kawo lambar ɗan ƙasa, da lambar BVN, da takardun JAMB na 'ya'yansu. A injin ƙungiya akwai sunayen marayu da zawarawan da ake taimaka wa, da lambobin wayarsu. Wannan amana ce. Ta fuskar doka kuma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Ta fuskar addini ba ni da bakin magana ga malamai zaune, sai dai in tuna musu cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Sauran bayani na bar wa Liman.

To yaya muka yi da taron shekara? Na ɗora LibreOffice. Wannan manhaja ce ta kyauta, halal ɗinta, ba makulli, ba asusu, ba wa'adi. Wata gidauniya ce mai mazauni a Jamus ke kula da ita, ta samo asali daga OpenOffice a 2010. Tana buɗe takardun Word da na Excel, tana kuma ajiyewa a irin tsarinsu. Tana da 'yan halayenta: wani lokaci takardar da aka ƙawata da yawa takan ɗan goce, wanda ya saba da Word kuma zai yi kwana biyu yana laluben maɓallai. Amma wasiƙa zuwa fadar Mai Martaba Kpop Gwong, ko zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Jama'a, ko jadawalin kuɗin wata, duk ta ɗauka ba gardama. Na kuma sake sa allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, domin ƙ da ɗ da ɓ su fito da ƙugiyarsu, kada mu rubuta wa mutum "baki" alhali "baƙi" muke nufi.

Shi kuma lissafi, wanda shi ne asalin tsegumin, ga yadda aka yi. Tsohon rumbun na haɗa shi da wani inji ta waya, ya farfaɗo na kusan minti ashirin, na kwashe wasiƙu da rajistar 'yan ƙungiya kafin ya sake suma. Jadawalin kuɗi bai fito ba, ya faɗa daidai inda faifan ya ƙarje. Allah ya taimake mu akwai kwafinsa a wani filashi, amma ya tsaya wata bakwai baya. Watanni bakwai ɗin nan, ni da Malam Sakatare da Ma'aji da dattawa biyu da shugaba ya wakilta, muka zauna dare huɗu da guntayen rasit da littafin Ma'aji na hannu, muka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama muka gwada da takardar banki, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Dattawan nan biyu suna zaune a nan, wanda ke shakka ya tambaye su. Ina roƙon waɗanda suka yi wa bawan Allah nan zato su je su nemi gafararsa, domin dare huɗun nan ya yi su ne da zazzaɓi a jikinsa.

Kuma ku lura, littafin hannu ne ya cece mu. 'Yan kasuwar citta da ke nan sun fi ni sanin wannan: bayan cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, sa'ad da aka zo maganar wa ke bin wa, wanda ya rubuta shi ya kwana lafiya.

Akwai wani makulli na uku da ya kamata in ambata kafin ya ci wani. Sababbin injina, musamman masu Windows 11, da yawa sukan kulle rumbunsu da kansu da wani tsari mai suna BitLocker, mai shi bai ma sani ba. In injin ya lalace aka ciro rumbun aka kai wani inji, kamar yadda na yi da namu, ba abin da zai buɗu sai an kawo wasu lambobi 48. Lambobin nan kuma ina suke? Galibi a cikin asusun Microsoft da aka fara shiga injin da shi. Da injinmu irin wannan ne, kuma da imel ɗin yaron can aka buɗe shi, da ko wasiƙa ɗaya ba mu fitar ba. Kun ga maganar ta sake dawowa kan asusu.

Yanzu shawara ta rage ga zauren nan, ko a sake saye ko a zauna a kan ta kyauta. Kafin ku yanke, ga abin da ya kamata ku sani. Ko da mun samo asusun can, Office 2016 ta riga ta tsufa: kamfanin ya daina yi mata gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2019 da Windows 10. Ta 2010 tun Oktoban 2020 aka sallame ta, ta 2013 a Afrilun 2023. Wa'adin ta 2021 shi ne 13 ga Oktoba 2026, saboda haka kada wani ya sayar muku da ita a matsayin sabuwa. Wadda ake saye sau ɗaya a huta ita ce Office 2024, ta fito a Oktoban 2024, inji ɗaya take ɗauka, za a kula da ita har 2029. A nan ma a kula: mai arhar, wadda aka yi don gida da 'yan makaranta, sharaɗinta bai yarda a yi aikin kasuwanci ko na ƙungiya da ita ba, sai mai ɗauke da sunan gida da kasuwanci. Sa'an nan akwai Microsoft 365, wadda haya ce, kowace shekara ko kowane wata sai an biya, ran da aka daina biya ta koma karatu kawai. Ga magidanci mai 'ya'ya a jami'a tana da daɗi, domin ta iyali tana ɗaukar mutum shida, kowa da wurin ajiyarsa a intanet. Ga ƙungiyar da wani watan kuɗin wata ma sai an bi mutane gida-gida, ni ban ga dalilin ɗaura wa kai haya ba.

In ra'ayina kuke tambaya, mu zauna a kan LibreOffice. Wata uku ke nan ofis yana aiki da ita, ba wanda ya dawo mana da wasiƙa. Kuɗin da za a sayi lasisi a sayi ƙaramin batirin riƙe wuta, wanda muke ce wa yu-fi-es, da rumbun waje guda ɗaya na ajiyar kwafi. Amma in zaure ya ce a saya, ban ƙi ba, da sharaɗi: ni ba zan ɗora ba sai an buɗe imel da sunan ƙungiya, an sa layin wayar ƙungiya wanda ake sa wa kati a kai a kai don kada ya mutu, an kuma ƙara layi na biyu na shugaba mai ci. A sami shafi a bayan babban littafin ƙungiya a rubuta adireshin imel ɗin, da ranar saye, da irin Office ɗin, da haruffan nan 25 da manyan baƙaƙe, da biro ba fensir ba. Kalmar sirri a sa ta a ambulan biyu a liƙe, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen Ma'aji. Ran da aka sauya shugabanni, a miƙa ambulan tare da hatimi da littafin banki, a sauya kalmar a gaban shaidu. Kwafin lissafi kuma kowane ƙarshen wata a juye shi, kada ya kwana ɗaki ɗaya da injin. Mu da muka ga yadda kasuwar Kafanchan ta ƙone a watan Afrilun 2011 ba sai an gaya mana abin da wuta ke yi wa takardun da aka tara wuri ɗaya ba. Allah kada ya maimaita mana.

Ku kuma iyaye masu saya wa yara kwamfuta, in kun je shago kada ku tsaya a kan "nawa ne" kaɗai. Ku tambaya, Office ɗin da ke ciki ta wace ce? In mai shago ya ce ta gaskiya ce, ku ce ya nuna muku asusun, kuma a gabanku yaro ya shiga da imel ɗinsa, ba na yaron shago ba. In ya fara sosa ƙeya, to kun gane, ku biya kuɗin inji kawai, a cire ta a sa ta kyauta. 'Yan'uwana masu gyara, mu ma mu daina sa imel ɗinmu don sauri. Minti goma ne buɗe wa kwastoma nasa, ka rubuta masa a takarda ka damƙa masa a hannu.

Shugaba ya ba ni izini, bayan sallar la'asar zan zauna a bayan zauren nan da Malam Sakatare. Duk wanda ya zo da kwamfutarsa ya kawo in duba masa abu uku: lafiyar rumbu, irin Office ɗin da ke ciki, da sunan wanda asusun yake. Ba ko sisi. Wanda bai zo da ita ba, ranar Asabar ina shago tun daga ƙarfe tara, sai ya zo da kati ko rasit in yana da su, da kuma wayar da layinta ke kan asusun. Iyayenmu mata da ba za su samu fitowa ba, a aiko yaro da injin, amma a haɗo shi da littafi da biro.